Kafin ka sayi motar doki ko motar kwana ta hannu: abin da ya kamata ka sani game da inji

A Birtaniya da maƙwabtanta na Turai akwai motoci iri biyu da kasuwar na hannunsu ba ta mutuwa. Ta farko motar ɗaukar doki ce, wadda ake saka doki ɗaya ko biyu a bayanta a kai su filin gasa ko wurin likitan dabbobi. Ta biyu motar kwana ce, mai gado da murhun girki da makewayi, wadda iyali ke fita yawon hutu da ita. Sababbinsu tsada gare su, shi ya sa yawancin mutane na hannu suke nema. Mai saye kuwa yakan tsaya kallon fenti da katifa da labule, ko kyan wurin tsayuwar doki, har ya biya kuɗi bai buɗe bonet ba. Ga abin da ya kamata ka sani game da injin, ko da ba ka taɓa riƙe sifana ba.

Wa ya gina motar, wa ya ƙera injin?

Kamfani biyu ne daban. Sunan da ka gani da manyan baƙaƙe a jikin motar na wanda ya gina ɗakin ne. Kan motar kuwa, da inji da giya da ƙafafu, na motar ɗaukar kaya ne, irin wadda magina da masu kai saƙo ke fama da ita kullum. Ana ɗauko ta ne a yanke bayanta, ko a sayo kai da shasi kawai, a ɗora mata ɗaki.

Mafi yawan motocin kwana na Turai a kan Fiat Ducato suke, ko 'yan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Relay. Ukun nan gangar jiki ɗaya ce, kuma masana'antar Sevel da ke Atessa a Italiya ce ke fitar da danginsu tun 1981. Idan ka san J5, wadda ta daɗe tana jigilar tumatir da albasa a hanyoyin Arewa, to ka san kakarsu, domin daga can ita ma ta fito kafin Boxer ta gaje ta a 1994. Masu gina motar doki kuma suna son Renault Master da Vauxhall Movano, saboda tayoyin gaba ne ke jan su, don haka daɓen bayansu yana ƙasa-ƙasa, doki ba ya shan wahalar hawa. Akwai kuma Ford Transit da Mercedes Sprinter da Iveco Daily.

Kada suna ya ruɗe ka. Movano ta 2010 zuwa 2021 Renault ce aka sauya wa tambari, amma daga 2021 ta koma dangin Ducato. Saboda haka abin tambaya shi ne wane inji ne a ciki, kuma na wace shekara.

Ina ruwan nauyi da lafiyar inji?

A Birtaniya lasin tuƙin ƙaramar mota ya tsaya ne a kilo 3,500, wato nauyin motar haɗe da duk abin da ke cikinta. Waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997 ne ke da izinin kai wa kilo 7,500 ba tare da sabuwar jarrabawa ba. Wannan ne ya sa ake ta gina motoci a kan iyakar 3,500 ɗin.

To, ɗakin da aka ɗora ya riga ya cinye mafi yawan nauyin. Motar doki da yawa abin da ke rage musu bai wuce kilo 1,000 ba, ko ɗan sama da haka, alhali dokin hawa na Turai yakan kai kilo 500 zuwa 600. Ka saka biyu, ka ƙara direba da abokin tafiya da sirdi da ruwa da ciyawa da mai a tanki, ka ga an haye. Motar mai kai saƙo tana fita da lodi ta dawo wayam. Wannan kuwa kusan kullum a cike take, don haka kuloci da giya da birki ba sa samun sassauci. Kafin ka biya, ka nemi a kai motar sikelin auna motoci a gabanka, a ba ka takarda. Wanda aka kama da lodin da ya wuce ƙa'ida tarar fam 100 zuwa 300 ke jiransa, idan ya yi yawa kuma sai kotu.

Motar da ba ta yi tafiya da yawa ba, ai ita ce mai lafiya, ko?

A nan mutane suka fi faɗa wa rami. Za ka ga motar kwana mai shekara 12 mitarta na nuna mil 25,000 kacal, mai ita yana ta alfahari. Abin da mitar ba ta faɗa maka ba shi ne watannin da motar ta yi a ajiye cikin sanyi da danshi. Ka san dokin da ya daɗe a turke ba a hawansa: ga ƙiba ga sheƙi, amma ranar da aka sake shi a filin sukuwa ake gane ba shi da numfashi.

Injin da ba ya aiki yana lalacewa ta hanyarsa. Baƙin mai yakan tsiyaye ya koma ƙasa ya bar ƙarafa a bushe, danshi ya taru a ciki. Robobin da ke toshe mai da ruwa su bushe su tsage. Birki ya kama, batir ya mutu, ɓeraye su shiga su ci wayoyi, musamman motar doki da ake ajiyewa kusa da rumbun abincin dabbobi. Shi kansa man dizal yana tsufa. Wanda ake sayarwa a Birtaniya yana ɗauke da man tsirrai har kashi 7 cikin 100, wannan kuwa yana jawo ruwa, ruwan ya haifar da wani baƙin yauƙi a tanki mai toshe filta. Ga kuma sakacin mai mota, wanda ke cewa tunda bai yi tafiya ba babu dalilin juyen mai. Alhali kamfanoni sharaɗi biyu suke gindayawa, nisan tafiya ko tsawon lokaci, duk wanda ya riga cika.

Motar doki kuma matsalarta takan zo ta ɗaya gefen. Da yawa ana gina su ne a kan motar kaya da ta gama bautar wani kamfani, ta ci mil 120,000 ko fiye. Sai ka ga talla tana cewa an gina ta a 2021, fenti sabo fil, amma injin na 2012 ne. Ka tambayi shekara biyun duka. Wannan ba aibi ba ne a karan kansa. Injin dizal na waɗannan motoci, idan ya samu kulawa, yana wuce mil 200,000. Ni dai da za a ajiye mini biyu, mai mil 140,000 da rasiɗan sabis ɗinta a jere, da mai mil 30,000 wadda ba a san ranar da aka yi mata juyen mai na ƙarshe ba, ta farkon zan ɗauka.

Mene ne taimin, kuma me ya sa kowa ke maganarsa?

A cikin inji akwai fistin masu hawa da sauka, akwai kuma bawul masu buɗewa da rufewa don iska ta shiga hayaƙi ya fita. Wuri ɗaya suke amfani da shi, amma kowa da lokacinsa. Abin da ke daidaita lokacin nan shi ne taimin, kuma iri biyu ne: bel na roba mai haƙora, ko sarƙar ƙarfe. Idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin ya doki bawul, cikin daƙiƙa guda inji ya tashi aiki. Bel ba ya yin gargaɗi.

Injin Ducato mai lita 2.3, wanda ake kira Multijet, bel gare shi, kuma abin da aka saba shi ne a canza shi duk shekara 5 ko da motar ba ta je ko'ina ba, domin roba tana tsufa a zaune. Babban wansa mai lita 3.0 sarƙa gare shi. Injin 2.3 dCi na Renault Master daga 2010 sarƙa ne, amma tsohon 2.5 da ya gabace shi bel ne. Boxer da Relay na 2006 zuwa 2016 masu lita 2.2 sarƙa ne, sai 2.0 BlueHDi da ya biyo baya ya dawo da bel.

Ford Transit daga 2016, mai injin 2.0 EcoBlue, shi ne ke buƙatar sa ido na musamman. Bel ɗinsa a cikin baƙin mai yake gudu. Idan man ya gurɓata, ko aka zuba wanda bai dace ba, robar takan fara marmashewa, ɓurɓushinta ya toshe hanyar da famfon mai ke tsotsowa, inji ya rasa mai ya buga. Da farko Ford ta ce a canza shi bayan shekara 10 ko mil 150,000, daga baya ta rage zuwa shekara 6 ko mil 100,000.

Sarƙa ta fi daɗewa, amma ita ma tana saki idan ana jinkirin juyen mai. Alamarta ƙarar kwaram-kwaram na ɗan lokaci idan aka tayar da mota da sanyin safe. Duk mai mota da ya ce maka an canza bel, ka ce ya nuna rasit mai kwanan wata da lambar mota. Idan babu, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi. Akan canza famfon ruwa tare da bel ɗin a yawancin injuna, don kada a buɗe wuri ɗaya sau biyu.

To, wane inji ne ya fi?

Babu wanda ba shi da tabo, kuma makanikai sun san na kowa. Injin 2.3 na Fiat ya yi suna wajen juriya, amma Ducato da 'yan uwanta na farkon zubin 2006 sun zo da matsala biyu. Suna karkarwa idan ana ribas a kan tudu da lodi, abin da ke cin kuloci. Sannan ruwan sama yakan zubo daga ƙasan gilashin gaba ya kwanta a kan inji, nozul su yi tsatsa su maƙale a mazauninsu, har cire su ya zama babban aiki. Nozul shi ne bakin da ke fesa mai cikin inji.

Injin 2.2 na Boxer da Relay dangin na Transit ne na wancan zamani, kuma an san shi da cewa nozul mai fesa mai fiye da ƙima yana iya fasa fistin. Renault Master da Movano injinsu yana da ƙarko, sai dai boris ɗin cikin giya mai hawa shida yakan gaji. Za ka ji kuka a giya ta biyar da ta shida, ko ka ga sandar giya na motsi da kanta idan ka taka totur ka saki. Sprinter kuwa zoben tagulla da ke ƙarƙashin nozul ne ke yoyo, hayaƙi ya riƙa tsirtowa yana daskarewa baƙi ƙirin a kan inji. Tsofaffinta kuma tsatsa ba ta raga musu.

Amfanin sanin wannan shi ne ka san inda za ka haska fitila. Bambancin da ke tsakanin mota biyu masu inji iri ɗaya, ɗaya ta samu kulawa ɗaya ba ta samu ba, ya fi bambancin da ke tsakanin kamfani da kamfani.

DPF da EGR da AdBlue fa, mene ne su?

Kayan tsaftace hayaƙi ne da dokokin Turai suka tilasta. EGR wani bawul ne da ke mayar da kaɗan daga hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna, kuma kunkunniya takan toshe shi. DPF matata ce a cikin salansa da ke kama baƙin hayaƙi, ta zama ruwan dare a motocin kaya tun wajen 2011. Idan ta cika, inji da kansa yake ƙona abin da ta tara da zafin da ya kai kusan digiri 600, amma sai mota ta yi gudu mai ɗorewa a babban titi. Motar dokin da aikinta kai doki mil biyar a hankali a dawo ba ta samun wannan dama. Matatar ta toshe, mota ta rage ƙarfi. Ƙari a kan haka, man da inji ke ƙarawa don ƙona dattin yakan zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Idan ka zaro sandar awon mai ka ga ya haura alamar sama, yana warin dizal, ka yi hattara.

AdBlue ruwa ne tatacce da aka haɗa da yuriya kashi 32.5 cikin 100, ana fesa shi cikin salansa don kashe gubar hayaƙi. Sinadarin ɗaya ne da na takin zamani, amma kada ka kuskura ka jiƙa taki ka zuba, zai kashe na'urar. Yawancin motocin da aka yi wa rajista daga ƙarshen 2016, masu matakin Euro 6, suna amfani da shi, ko da yake Ducato 2.3 ba ta fara ba sai 2019. A motar da ke yawan zama yakan daskare ya zama farin gishiri ya toshe famfo, kuma idan ya ƙare kwamfutar mota ba za ta bari inji ya sake tashi ba.

Wataƙila ka ce ai gara tsohuwa marar wannan tarkace. Ta fuskar gyara kana da gaskiya. Amma tun 29 ga Agustan 2023 duk motar dizal irin wannan da ba ta kai Euro 6 ba tana biyan fam 12.50 a kowace rana ta yi tafiya a ko'ina cikin unguwannin Landan, wasu biranen ma suna da nasu tsarin. Cire DPF kuma laifi ne a can: mota za ta faɗi gwajin shekara, tarar motar kaya kuma tana kai wa fam 2,500.

Me zan duba ranar da na je ganin motar?

Ka roƙi mai ita kada ya tayar da ita kafin ka iso, ka kuma taɓa injin da hannu ka tabbatar da sanyinsa. Inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar sarƙa. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: ƙwayayen gargaɗi su kama duka, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wanda bai kama ba tun farko, wataƙila an kashe shi da gangan.

Sai ka koma baya ka dubi hayaƙi. Fari kaɗan da safe tururi ne, ba komai. Farin da ya ƙi ɗaukewa yakan nuna ruwa na shiga inji, watau gasket ya lalace. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, daga turbo ko zoben fistin. Baƙi kuma mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Buɗe murfin zuba baƙin mai ka duba ko akwai farin kumfa mai kauri. A motar da ta daɗe a ajiye danshi kaɗai yana iya kawo shi, don haka ka haɗa da duban tankin ruwan lagireto: idan akwai maiƙo a ciki, ko yana tsattsafo da kumfa inji na aiki, magana ta ƙare.

Tuƙin gwaji ya kai aƙalla rabin sa'a, ya haɗa da babban titi da tudu. Sa giya ta sama kana tafiya a hankali ka danna totur. Idan inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya cinye. Yi ribas a kan hawa. Bayan kun dawo ka bar ta a silo, ka leƙa ƙarƙashi. Inji da aka wanke tas ranar da za ka zo shi ma abin tambaya ne. Idan da hali, ka zo da makaniken da zai jona mata kwamfuta, domin za ta nuna cikar DPF da matsalolin da aka goge kwanan nan. Tunda kana ƙarƙashin motar doki, ka ɗaga shimfiɗar roba ka dubi daɓen, fitsari yana ruɓar da katako ya ci ƙarfe.

Waɗanne takardu zan nema?

A Birtaniya duk motar da ta cika shekara 3 tana yin gwajin lafiya na shekara-shekara da ake kira MOT. Da lambar mota kaɗai za ka ga tarihin gwajin kyauta a shafin gwamnati na intanet, tun daga 2005, da adadin mil na kowace shekara da abin da aka yi gargaɗi a kai. Idan mil ya ragu maimakon ya ƙaru, an taɓa mita. Idan shekara uku a jere ana rubuta yoyon mai, ka san irin mai motar. Amma ka sani gwajin nan ba ya buɗe inji, ba ya duba bel. Rasiɗan gareji ne ke faɗin wannan, kuma sun fi hatimi a littafin sabis daraja, don suna nuna abin da aka saka da irin man da aka zuba.

Nawa gyara ke ci?

Canjin bel da famfon ruwa 'yan ɗaruruwan fam ne. Kuloci tare da faifan da yake kamawa yakan haura fam 1,000, sabuwar DPF ma haka. Inji ɗungurungum dubbai ne. Motar kwana mai faffaɗan gaba, wadda aka lulluɓe kanta da sabon bodi, kuɗin aikinta ya fi yawa saboda hannu ba ya isa ga inji cikin sauƙi, kuma ba kowane gareji ke da na'urar ɗaga mota mai wannan tsawo ba. Wurin saye ma yana da tasiri. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar wa dila motar da ta zo da aibi, amma idan daga hannun mai ita ka saya, kariyarka kaɗan ce.

Mai doki yana da ƙarin lissafi ɗaya. Inshorar janye mota ta gama-gari ba ta ɗaukar dabba, kuma a babban titi ba a sauke doki sai jami'ai sun zo sun tsare hanya. Sai ka nemi wadda ta haɗa da turo wata motar da za ta kwashe dawakin.

Idan gida za a kawo ta fa?

Masu wasan folo da sukuwa, da masu kawo motocin Beljiyam, sukan yi sha'awar irin waɗannan. Abu na farko, ta Birtaniya sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba. Sai a nemi ta Jamus ko Faransa ko Beljiyam. Na biyu, mai. Dizal ɗin Turai farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba tun 2009. Ƙasashen ECOWAS sai a 2020 suka amince da 50, kuma kafin nan abin da ake shigowa da shi ya ninka haka sau da yawa. Farar wuta mai yawa tana saurin toshe DPF, man da aka gauraya da ruwa ko kananzir kuma yana kashe nozul na zamani, waɗanda ba a gyara su a bakin titi. Ƙurar hunturu tana buƙatar a riƙa canza filtar iska tun kafin lokacin da littafi ya ce, zafin bazara kuma zai tona asirin duk lagireton da ya fara toshewa. Kafin ka tura kuɗi, ka zagaya kasuwar kayan gyara ta garinku da lambar injin a hannu, ka ji ko akwai nozul da famfon mai da bel ɗinsa, ka kuma tabbatar akwai makaniken da ke da kwamfutar da za ta karanta shi.